Yaranmu sun san zaki a keji, ba su san furen tafasa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da iyaye da malaman makaranta da hukumomin Kano a kan wani abu da ba kasafai yake zuwa shafin wasiƙu ba, wato ciyayi da furanni da tsuntsayen da muke zaune tare da su a garin nan. Na san ana fama da tsadar abinci da rashin ruwan famfo, kuma wani zai ce yanzu ba lokacin zancen fure ba ne. To, amma damina ta kankama, ga mu a tsakiyar Agusta, abin da nake so a kai yara su gani kuwa ba zai jira mu ba. Kafin ƙarshen Oktoba ya bushe, sai kuma baɗi ga mai rai.

Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya, ina zaune a Ɗorayi. A zamanin da nake aji, in ka ce wa yara su kawo sunayen namun daji, nan take za ka ji zaki, giwa, raƙumin dawa, jimina. Duk daga littafi suka samo su, ko daga ziyarar gidan zoo ranar Sallah. Amma ka tsinko reshen tafasa da furenta ka ɗaga a gaban allo, sai aji ya yi tsit. Yaron da jiya ya ci kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli bai san ita ce ba, kuma a bayan katangar makarantarsu ta fito. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, domin ba laifin yaron ba ne. Babu babban da ya taɓa riƙe hannunsa ya ce masa tsaya ka duba.

Tun da na bar aiki, nakan fita yawo da ƙafa bayan sallar asuba, yawanci ta hanyar Gwarzo, in wuce sabuwar Jami'ar Bayero, in saki kwalta wajen Rimin Gata in bi turbar gonaki. Wani lokaci kuma in hau mota zuwa Panshekara ko Tamburawa in sauka bakin kogi. Ba na riƙe komai sai sanda da gorar ruwa da ɗan littafin da nake rubuta abin da na gani. Bari in faɗa wa masu karatu abin da ke can a wannan wata, don su san ba tatsuniya nake yi ba.

Wanda zai ga furen damina dole ya yi sammako, domin yawancinsu ba sa kai azahar. Balasa, ciyawar nan mai kwanciya a gefen gona da ake yanko wa awaki, furenta ƙarami ne, shuɗi shar, da sanyin safiya yake buɗewa, kafin rana ta take ya langaɓe. Duman rafi ma haka yake. Yana yaɗuwa a bakin kududdufi da wuraren da ruwa ke kwanciya, furensa babba ne, shunayya, in ka zo da hantsi ka tarar ya rufe fili guda, in ka dawo da la'asar ka rantse ba a taɓa yin fure a wurin ba. Makiyaya sun san dabba ba ta son cinsa, wadda yunwa ta sa ta ci da yawa kuma takan kamu da makyarkyata. A cikin ruwan akwai bado. Farin nan da muka saba gani da dare yake buɗewa, yana rufewa idan rana ta ɗaga, shi ya sa mutane da yawa ganyensa kawai suka sani. Kakanninmu sun ci 'ya'yansa da saiwarsa a shekarun yunwa.

A kan turba kuwa tafasa ce sarauniya. Furenta rawaya ne, kuma tana da wata ɗabi'a da yara ke so in an nuna musu: da magariba ganyenta yakan haɗe bibbiyu ya rufe, sai gari ya waye ya ware. Kusa da ita za ka ga 'yar'uwarta rai-ɗore, da karkashi mai fure ruwan hoda irin na riɗi, da gasaya mai farin fure da dogayen gashi, da tsidau wanda furensa ɗan rawaya ne mai ban sha'awa kafin ya zama ƙayar da ke huda tayar keke. Rabin waɗannan miya ce ko kwaɗo a gidajenmu. Matan da ke kawo su kasuwa daga ƙauye sun san kowacce tun tana ganye biyu, jikokinmu na birni kuwa sai an yanka an zuba a tukunya suke saninta.

Akwai furen da idan ka yaba shi a gaban manomi zai ɓata rai, kuma yana da gaskiya. Wuta-wuta ke nan, wanda wasu ke kira ƙuduji. A cikin gonar dawa ko gero babu abin da ya kai shi kyau, tsaye, shunayya mai haske. Amma tun kafin ya leƙo sama ya riga ya kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa yana zuƙe ruwa da abincinta. Tsiro ɗaya yakan zubar da ƙwayar iri dubbai, ƙanana ƙwarai, kuma irin yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran a shuka hatsi a kusa da shi. Gonar da ta gaji, wadda ba ta samun taki, ita ya fi addaba. Darasin kimiyya guda cur yana nan a tsaye a gona, a Hausance, kuma mai gonar zai koyar da shi fiye da ni.

Haka tumfafiya, wadda kowa ya raina saboda a juji da kufai take fitowa. Ka tsaya ka dubi furenta, fari ne da shunayya a baki, a dunƙule. Ka juya ganyen, wani lokaci za ka tarar da tsutsa mai zane-zanen fari da baƙi da rawaya tana ci. Ita ce ke zama malam-buɗe-littafin nan ruwan goro mai baƙi da fari a bakin fiffike. Dafin farin ruwan tumfafiya da ta ci tana tsutsa yana zama a jikinta, don haka tsuntsaye ke ƙyale ta. Sai dai a gargaɗi yara, ruwan nan yana yi wa ido illa, kada su tsinka su shafa fuska.

Bishiyoyi ma suna da nasu lokacin. Kuka da yamma take buɗe farin furenta, yana reto a doguwar igiya, jemagu ne ke zuwa shan zaƙinsa da dare suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan, washegari ya yanƙwane ya faɗo. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da kowa ke yin kore, sannan ya yi ganye da rani. Dalili ke nan manomi ba ya sare shi: inuwarsa ba ta danne gero, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Ɗorawa kuwa sai bayan hunturu take fitar da furenta ja, mai kama da tuntun hula, ƙudan zuma su yi ta kaiwa da komowa. Unguwar da nake zaune da ita aka sa mata suna, amma yau sai ka sha yawo a cikinta kafin ka ga guda. Ka duba Kurna, da Giginyu, da Gawuna, da Tsamiyar Boka, da Kukar Bulukiya, da Durumin Iya, da Ceɗiyar 'Yan Gurasa, da Kasuwar Rimi. Ita kanta Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, a gefen kurmin Jakara ta tsaya, kurmin da tarihin Kano ya nuna mutanen Dala suna girmamawa. Garin nan a cikin itatuwa aka gina shi. Yanzu in za a yi dashe, darbejiya da turare kawai ake rabawa, dukansu baƙi ne, ɗaya daga Indiya, ɗaya daga Ostareliya. Ba na ƙin darbejiya, ta yi mana rana, tana jure fari, kuma inuwarta muke sha. Amma ina roƙon masu raba dashe su riƙa haɗawa da tsamiya da kanya da ɗinya da ɗorawa da maɗaci da aduwa, ko da sun fi jinkirin girma. Tsuntsayenmu da ƙwarinmu da su suka saba.

Tsuntsaye kuwa, Malam Edita, har yanzu Allah bai raba mu da su ba. Shamuwa tana zuwa gab da faɗuwar damina, shi ya sa manoma ke murna da ganinta. Tana yin sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, tana cin fara da tsutsa a gonaki, in kaka ta yi ta tattara 'ya'yanta ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda ruwa ke sauka a lokacin da muke rani. A bakin ruwa akwai balbela da zalɓe, da zakaran ƙeƙuwa mai ihu in ka matso kusa da ƙwansa, da kirinjijiya masu fito in sun tashi. A kan ƙaya da ta sunkuya bisa ruwa za ka ga marai, tsuntsun nan rawaya mai baƙin kai. Namijin ne ke saƙa gida da zaren ciyawa, sannan ya rataye a ƙasansa yana kaɗa fiffike, macen ta zo ta duba, in bai yi mata ba ta wuce, shi kuma ya sake wani. Cilakowa ta fi ba ni mamaki. In za ta yi ƙwai, takan shiga kogon itace ta liƙe bakin, ta bar 'yar tsaga kawai, ta nan mijin ke miƙo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Ke nan in an sare tsohuwar bishiya mai kogo don gawayi, an rushe mata ɗakin haihuwa. Daga Oktoba kuma baƙi ke isowa daga Turai, sun ƙetaro Sahara, wasunsu ba su kai nauyin ƙwan kaza ba. Da yawa suna sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, wanda tun shekarar 2000 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, amma madatsun ruwanmu na Tiga da Challawa da Wasai ma suna samun rabonsu.

Wadda babu ita ce ungulu. Duk wanda ya haura shekara 50 a Kano ya san yadda take cika rufin Abbatuwa da mahautan kasuwanni. Yau ka tambayi ɗan shekara 15, sunanta kawai ya sani a karin magana. Tun 2015 masana halittu na duniya suka sa irin tamu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Abin da ya cinye ta sananne ne: masu sayen kai da ƙwai da sassan jikinta don tsibbu, da gubar da ake sa wa mushe, da sare manyan itatuwan da take kwana. Ita ce ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, kuma ta ɓace a gaban idonmu ba tare da wani ya ɗaga murya ba. Ina jin tsoron kada shamuwa da cilakowa su bi ta. Allah Ya ce a Suratul An'am, aya ta 38, dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummomi ne irinmu. Ina fata limamanmu su riƙa taɓo wannan a huɗuba, ko sau ɗaya a damina.

Na ƙasa ma suna nan ga mai haƙuri. Kurege yakan tsaya da ƙafa biyu a bakin raminsa, bushiya tana fitowa da almuru, guza yana shan hantsi a gaɓar kogi, hawainiya tana tafiyarta a kan sabara. In ka yi shiru za ka ji fakara tana kira daga cikin gamba.

To ina za a kai yaro ya ga waɗannan, in ubansa ba shi da halin fita bayan gari? A nan ne kukana yake.

Babban wurin da ya rage mana a tsakiyar birni shi ne gidan zoo da aka kafa a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. Mutane suna ɗaukarsa wurin kallon dabbobin keji kawai, alhali gandun itatuwa ne, kuma tsuntsayen da ba a kulle ba suna zuwa da kansu saboda inuwa da ruwa. A 2020 an yi maganar ɗauke shi zuwa Tiga. Na gode Allah yana nan inda yake. In ma wata rana an ga dabbobin sun fi dacewa da wuri mai faɗi, ina roƙon kada a yanka filin a yi shaguna. Talakan Gandun Albasa ko Sheka ba zai iya biyan kuɗin mota ya kai 'ya'yansa Tiga ba, amma a Titin Zoo zai iya takawa. Abin da nake so a yi a can ba ya buƙatar kwangilar miliyoyi. A fitar da turba guda ta ƙafa da ke zagaya itatuwa. A kafa wa kowace bishiya ɗan allo da sunanta na Hausa, da boko da ajami, don almajiri ma ya karanta, sannan sunan kimiyya a ƙasa, da layi ɗaya kan amfaninta. A bar wani ɓangare ba a nome shi ba da damina, ciyawa ta fito yadda Allah Ya so. A ware safiya ɗaya a mako, tun ƙarfe 7, a sassauta wa 'yan makaranta kuɗin shiga, ba kiɗa, ba lasifika.

Sai Dala da Goron Dutse. Dala ce asalin garin nan, maƙera sun zauna a gindinta tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Daga samanta da damina kana ganin inda kore ya saura a Kano da inda ya ƙare, shirwa da hankaka suna shawagi daidai da fuskarka, ciyayi suna fitowa daga tsagar dutse. Amma gidaje sun matse ta, shara ta yi yawa, wasu sun mai da gefenta makewayi, kuma uwa ba za ta saki jiki ta hau da 'ya'yanta ba saboda zaman matasan da ba a san abin da suke sha ba. Masu unguwannin da ke kewaye da ita da ƙungiyoyin matasa za su iya ɗaukar wannan nauyi, in hukuma ta ba su masu gadi da kwandunan shara. Ragowar badala ma, inda ba a gine ba, da an tsare ta an dasa itatuwa a gefenta, da ta zama turbar yawo mai kyau.

Kududdufai kuwa ana ta cike su ana gini. Daga cikinsu kakanninmu suka ɗebi ƙasar gina birni, su ne kuma ke shanye ruwan sama. In an cike, ruwan ba ya fasa zuwa, ɗakunan mutane yake shiga, kuma kowane Agusta muna gani. Waɗanda suka rage a yashe su, a hana zuba shara, a bar wa bado da kwaɗi da kirinjijiya.

Dajin Falgore shi ne babbar dukiyarmu. Yana kudu da birni kimanin kilomita 150 a kan hanyar Jos, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, Kogin Kano ya ratsa shi kafin ya zuba a Tiga. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a sa shi cikin gandun daji 10 da za a ɗaga zuwa na ƙasa. Akwai gwaggon biri da jan biri da gada da zabin daji, da itatuwan da babu su a kusa da birni. Amma ba zan ce wa kowa ya kwashi yara ya nufi can ba. Ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane sun ɓata sunan dajin, har sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki. Sai ranar da aka samu tsaro da masu rakiya na hukuma. Kafin nan, abin da ke kusa ya ishe mu farawa.

Malaman makaranta, ku nake ji da ku, don na san halin da kuke ciki, aji cike, albashi ba ya kai wata. Ba sai an yi hayar mota ba. Ku ɗauki darasi ɗaya, ku zagaya bayan makaranta, kowane yaro ya zana ganye ɗaya da furensa, ya tafi gida ya tambayi kakarsa sunansa da abin da ake yi da shi. Za ku sha mamakin abin da zai dawo muku. Ilimin nan yana hannun tsofaffin mata, da masu maganin gargajiya, da makiyaya, da mafarauta, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A gayyato su, a ba su kujera da ɗan abin goro, su yi magana. Har yaran da ke yawo da danƙo suna harbin kurciya, kada a tsaya ga zaginsu. A unguwarmu babu wanda ya kai su sanin kukan tsuntsu da inda yake kwana. Na taɓa cewa wasu daga cikinsu su ajiye danƙon su nuna mini sheƙar ragon maza, suka kai ni har gindin kargon da take, suna gardamar wanda ya fara ganinta. Yaron da aka tambaye shi abin da ya sani, ya ga babba yana rubutawa, ba ya saurin ɗaga danƙo a gaba.

Wanda zai fita da yara ya sa musu takalmi rufaffe, ya riƙe sanda, ya hana su sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse saboda kububuwa da kunama. Kada su shiga kududdufi, akwai tsargiya. Kada su ci abin da ba su sani ba. A nemi izinin mai gona, a bi gefe, kada a taka shuka, a kuma dawo da ledar ruwa gida. Fure ɗaya ya isa a tsinka a nuna wa kowa, sauran a bar wa ƙudan zuma. Hutun makaranta bai ƙare ba, Asabar da Lahadi kuma suna nan, daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe ya wadatar.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
Ɗorayi, Kano.